Fim Ɗin Farabiti Ryan a Bakin 'Yan Mazan Jiya

 

Yau tarihi nake so mu taɓa, amma ta wata ƙofa da ba mu saba bi ba, wato ƙofar fim. Akwai wani fim ɗin yaƙi na Amurka mai suna Saving Private Ryan, wanda da wuya ka samu wanda ya yi zaman gidan kallo bai taɓa cin karo da shi ba, ko da kuwa bai riƙe sunan ba. In ka ce masa fim ɗin nan da ake sauke ƙyauren jirgin ruwa a bakin teku, kafin sojoji su ɗaga ƙafa harsashi ya zubar da su kamar ana kaɗe kanya, nan take zai gane. Mu dai abin da ya dame mu a gidan kallo bai wuce wane ne jarumi, wane ne bos, wa zai kai ƙarshe da rai ba. To amma akwai waɗanda kallonsu ya sha bamban da namu, su ne 'yan mazan jiyan da aka yi fim ɗin a kansu. Lokacin da ya fito da yawansu suna raye, 'yan shekara saba'in da ɗoriya, sun shiga silima da ƙafarsu sun gani, sun kuma faɗi albarkacin bakinsu. Abin da ya ja hankalina shi ne bakin nasu bai zo ɗaya ba.

Bari mu fara da abin da ya faru a zahiri. Ranar 6 ga Yunin 1944 sojojin ƙawance kimanin 156,000, galibinsu na Amurka da Birtaniya da Kanada, suka tsallaka teku daga Ingila suka dira yankin Normandi na Faransa, wadda a lokacin shekara huɗu ke nan tana hannun Jamus ta Hitila. An raba gaɓar tekun gida biyar, kowane da sunan da aka laƙaba masa: Utah, Omaha, Gold, Juno da Sword. Ko'ina an zubar da jini, amma a Omaha ne aka ga tashin hankali. Jamusawa suna bisa tudu cikin ramukan siminti da manyan bindigogi. Jiragen saman da aka tura su ragargaza su sun zubar da bama-bamansu can baya cikin gonaki saboda gajimare, tankokin da aka ƙera domin su yi iyo su kai gaɓa kuma da yawansu sun nutse tun a hanya. Sai ya zama sojan ƙasa ya sauka ba abin da zai fake da shi sai yashi da gawar ɗan uwansa. A wannan gaɓa kaɗai sama da mutum 2,000 aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace a yini guda. Wani ɗan ƙaramin gari mai suna Bedford a jihar Bajiniya, wanda mutanensa ba su wuce 3,200 ba, ya rasa samari 19 a ranar, duk 'yan kamfani ɗaya. Mai karatu ya kwatanta da unguwarsu: a wayi gari gidaje kusan ashirin ana zaman makoki, kuma duk sa'o'in juna ne, tare suka yi wasan ƙasa.

A kan wannan rana Steven Spielberg ya gina fim ɗinsa, wanda ya fito ranar 24 ga Yulin 1998. Labarin a taƙaice shi ne: wata uwa tana da 'ya'ya huɗu duk a fagen daga, uku suka mutu kusan lokaci guda, sai hedikwatar soja ta ce a nemo na huɗun, Farabiti Ryan, a mayar mata da shi gida. Aka tura mutum takwas ƙarƙashin Kyaftin Miller, wanda Tom Hanks ya fito a matsayinsa. Suna tafe suna gunaguni, a kan me za a sa rai takwas a haɗari saboda rai ɗaya? Da suka same shi kuma sai ya ce ba inda za shi, domin waɗanda yake tsaron gada tare da su su ne 'yan uwan da suka rage masa. Cikin takwas ɗin nan biyu ne kawai suka tsira.

Minti ashirin da 'yan kai na farkon fim ɗin, wato saukar Omaha, ba a Faransa aka ɗauke shi ba, a wata gaɓa ce mai suna Curracloe a ƙasar Ailan, da ɗaruruwan sojojin ƙasar na ko-ta-kwana. Har mutane masu yankakkiyar ƙafa ko hannu aka ɗauko domin a nuna yadda bam ke raba mutum da gaɓarsa. An rage wa hoton launi da gangan ya koma kamar tsohon hoton jarida, ana gudu da kyamara a kafaɗa, jini da yashi suna fantsama a gilashinta. Kafin a fara aiki an damƙa 'yan wasan ga wani tsohon kyaftin da ya yi yaƙin Biyetnam, Dale Dye, ya wahalar da su kwana da kwanaki cikin ruwan sama da taɓo. Matt Damon, mai fitowa a Ryan, shi kaɗai aka ɗauke wa wannan horo, wai domin sauran su ji haushinsa na gaske, haushin ya fito a fuskarsu. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 480, ya kuma ci kyautar Oska 5.

To me tsofaffin suka ce? Game da saukar Omaha, akasarinsu sun yarda cewa ba a taɓa nuna yaƙi kusa da yadda yake kamar haka ba. Wasu sun kasa kai ƙarshe, suka tashi suka bar silima. Wasu suka koma gida barci ya gagara. Har ta kai hukumar kula da 'yan mazan jiya ta Amurka ta buɗe layin tarho na musamman domin waɗanda fim ɗin ya fama wa tsohon miki, kuma cikin ƙasa da mako biyu aka kira sama da sau 170. A nan akwai abin lura. Mutanen nan sun dawo gida a 1945, suka yi aure, suka kama sana'a, suka rufe bakinsu shekara hamsin. A zamaninsu ba kowa ke ɗaukar firgitar bayan yaƙi a matsayin ciwo ba, sai a 1980 ne likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa ta a jerin cututtuka da suna nata. Kafin nan in tsohon soja ya zabura cikin dare yana ihu, sai a ce halinsa ne, ko a ce giya ce. Saboda haka a gidaje da yawa fim ɗin nan ne ya fara buɗe bakin kaka a gaban jikoki.

Cikin waɗanda suka yaba akwai James Doohan, ɗan Kanada, wanda daga baya ya yi suna a wasan talabijin na Star Trek. Ya sauka a gaɓar Juno a ranar, da dare kuma wani sojan ɓangarensu da ke gadi ya buɗe masa wuta bisa kuskure, harsashi shida ya same shi, ya rasa ɗan yatsa. Shi abin da ya gode wa Spielberg a kai shi ne bai ɓoye munin abin ba. Akwai kuma Samuel Fuller, wanda ya sauka a Omaha ɗin da kansa, daga baya ya zama darakta ya yi fim a kan rundunarsu a 1980. Shi ya rasu a 1997, bai ga na Spielberg ba, amma ya bar wata magana da ake yawan tunawa, cewa in dai ana so mai kallo ya san yaƙi, sai a sa wani a bayan allon silima ya riƙa harbin masu kallo. Ma'ana komai ƙwarewar darakta, kai da ke zaune da gyaɗa a hannu ka san za ka koma gida.

Wannan magana ta Fuller na ga alamarta a nan unguwarmu. Akwai wani dattijo da ke zama a bencin ƙofar shagon mahaifina da yamma, tsohon soja ne da ya je Laberiya cikin rundunar ECOMOG, wadda ta shiga ƙasar a 1990. Wata rana yara suna kallon fim ɗin a waya, ya leƙa na ɗan lokaci, ya kawar da kai. Na ce, Baba, haka abin yake? Ya ce da ni, yaro, sun yi ƙoƙari, amma ba su sa wari ba. Daga nan ya koma jan carbinsa, ni ma ban ƙara ba.

Inda aka rabu shi ne sauran fim ɗin, wato labarin 'yan uwantaka da sadaukarwa. Da farko dai, ba a taɓa tura wata tawaga neman wani Ryan ba. Abin da ya yi kama da haka shi ne labarin 'yan gidan Niland na jihar New York, su huɗu. Robert ya mutu ranar 6 ga Yuni, Preston ya mutu washegari, Edward kuma an harbo jirginsu tun a watan Mayu ana zaton ya mutu. Na huɗun, Fritz, sojan laima ne, kuma wani limamin Kirista na soja mai suna Francis Sampson ne ya shige gaba aka cike takardun mayar da shi gida. Ba gada, ba mutum takwas, ba wanda ya mutu a hanyar nemansa. Robert da Preston suna kwance gefe da gefe a maƙabartar Amurkawa da ke saman tudun Omaha, mai kaburbura sama da 9,300, inda fim ɗin ya fara kuma ya ƙare. Hukumar soja ta shiga taitayinta game da 'yan gida ɗaya ne tun a Nuwamban 1942, lokacin da 'yan gidan Sullivan su biyar suka halaka bayan nutsar da jirgin ruwa guda da suke aiki a cikinsa.

Wanda ya fi kowa zafi a masu suka shi ne Paul Fussell. Ba ɗan kallo ba ne, laftana ne na sojan ƙasa a Faransa. Ranar 15 ga Maris 1945 harsashin igwa ya fashe kusa da shi, ya ji mummunan rauni, sajansa Edward Hudson ya mutu a gefensa. Bayan shekara talatin, da ya zama farfesa ya rubuta littafin da ya fi yi masa suna, wannan sajan ya sadaukar wa. Ka ga ke nan ba wanda zai koya masa 'yan uwantakar soja. Amma shawararsa game da fim ɗin ita ce a yanke mintocin farko a ajiye, kowa ya gani ya gode wa Allah da ba ya wurin, sauran kuma a jefa shi inda ake jefa finafinan jarumtar yara. A ganinsa yaron da ke cikin rami ba ya tunanin tuta ko manufa, tsoro ne da yunwa da zawo da umarnin banza daga manya, mutuwa kuma ba ta zaɓen lokacin da za ta yi ma'ana.

Howard Zinn shi ta sama ya yi nasa yaƙin, yana cikin masu sakin bam. A Afrilun 1945, saura 'yan makonni a gama yaƙi a Turai, yana cikin waɗanda suka zuba wa garin Royan na Faransa bam mai kama da wuta, abin da ya dame shi har ƙarshen ransa. Da fim ɗin ya fito sai ya yi rubutu a wata mujalla yana cewa ba Ryan aka ceto ba, sunan yaƙi aka ceto. Hujjarsa ita ce, an nuna maka jini har ka ƙoshi, amma ba a bar ka ka tambayi wa ya jawo, wa ya ci riba, ko akwai wata hanya ba. Sai ka fito kana hawaye kana kuma jin cewa abin ya cancanta. Oliver Stone, wanda aka raunata sau biyu a Biyetnam kafin ya yi fim ɗin Platoon a 1986, ya ƙara da cewa irin waɗannan finafinai, duk da kyawunsu, sun taimaka wajen shirya zukatan Amurkawa ga mamaye Iraƙi a 2003. Shi kuwa Richard Todd, Baturen Ingila da ya dira Normandi da laima a daren farko, ɗan wasan da daga baya ya fito a The Longest Day na 1962, bai tsaya dogon bayani ba, cewa ya yi shirme ne kuma an cika gishiri.

Ni a nawa ɗan guntun tunanin, Fussell ya fi kusa da gaskiya, amma ya yi tsauri. Cewa da Ryan ya yi ba zai bar abokansa ba, wannan ba ƙirƙirar Hollywood ba ce, domin an sha samun sojan da ya gudo daga asibiti da rauni ya koma wa 'yan kamfaninsa. Wanda kuka raba gurasa ɗaya, kuka kwana rami ɗaya, ya ɗauke ka a kafaɗa, ya wuce aboki. Mu da muke zaune a garin da ba na kakanninmu ba mun san ɗan wani abu game da wannan, domin in rikici ya tashi a kasuwa ba ka tambayar maƙwabcinka ɗan Katsina ne ko ɗan Maraɗi. Inda nake tare da Zinn shi ne, wannan ƙauna ta tsakanin yara masu mutuwa ita ce manya ke ɗauka su yi wa yaƙin ado da ita. Wanda ya aika su daban, wanda ya mutu daban, amma a fim sai a haɗa su a tuta ɗaya.

Wani abin dariya, a 2004 da tashar ABC za ta nuna fim ɗin ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ƙananan tashoshi 66 suka ƙi sakawa, ba don jinin ba, sai don tsoron tara saboda ashar ɗin da sojojin ke yi. A yanke mutum biyu ba laifi, amma kada ya yi zagi yana mutuwa.

Daga baya wasu sojojin sun gaji da gyara wa daraktoci, suka karɓi kyamarar da kansu. A 2025 aka saki fim mai suna Warfare, wanda Ray Mendoza, tsohon sojan kundumbala na ruwa, ya shirya tare da Alex Garland. Labarin yini guda ne a garin Ramadi na Iraƙi a Nuwamban 2006, kuma ba a sa komai a ciki ba sai abin da waɗanda ke wurin suka tuna. Mendoza ya ce ya yi shi ne domin abokinsa Elliott Miller, wanda ya rasa ƙafa a ranar kuma ba ya tuna abin da ya faru. Babu jawabi, babu kiɗan tausayi, sai ihun mai rauni da ba ya ƙarewa. Amma ko a nan, iyalin Iraƙin da aka mamaye gidansu suna tsugune ne a ɗaki guda, ba wanda ya tambaye su yadda suka ga ranar.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi damuna: in an ce 'yan uwa, su wa aka ƙirga? Tsofaffin sojojin ruwan Birtaniya sun yi ƙorafi, domin su ne suka tuƙa ƙananan jiragen da suka kai waccan tawaga gaɓar Omaha, amma fim ya mai da matuƙan Amurkawa. Baƙaƙen fatar Amurka kuwa ko fuska ɗaya ba a nuna ba, alhali akwai bataliya ta 320, ta baƙaƙe zalla, da ta sauka a ranar tana ɗaga manyan balan-balan masu hana jiragen Jamus sauka ƙasa-ƙasa. A cikinsu akwai wani ma'aikacin jinya, Waverly Woodson, wanda aka raunata tun kafin ya taka yashi, amma ya yi awa 30 yana ɗinke mutane. Ya rasu a 2005, lambar girman da ta dace da aikinsa sai a 2024 aka miƙa wa matarsa. A lokacin yaƙin rundunar Amurka a rabe take, baƙi daban fari daban, sai a 1948 Shugaba Truman ya sa hannu a dokar haɗe su.

Yanzu mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu? Ruwanmu yana Bama. Edward Niland ɗin nan da aka yi zaton ya mutu, a Bama aka harbo jirginsu, kuma bai mutu ba, yana sansanin fursunonin Japan har Mayun 1945. Mahaifin Spielberg kansa, Arnold, a fagen Indiya da Bama ya yi nasa yaƙin, yana aikin sadarwa a rundunar jiragen da ke karya gadoji. A daidai wannan lokaci, a ƙasan dajin da jiragen nan ke wucewa, akwai sojojin Afirka ta Yamma wajen 90,000 da Ingila ta kwasa zuwa can, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Runduna ta 81 da ta 82 ke nan. Alamar ta 81 gizo-gizo ne baƙi, ta 82 kuma māsu biyu ne a gicciye bisa gammo, domin dubbai a cikinsu aikinsu dako ne, su suke ɗaukar harsashi da abinci da majinyata a ka cikin tsaunukan da mota ba ta shiga. Ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, abincinta ta sama ake jefo mata. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe garin Myohaung daga hannun Japan. Bataliya uku ta 'yan Nijeriya kuma, ta 6 da ta 7 da ta 12, an sauke su da jirgin sama can bayan layin abokan gaba cikin dakarun da ake kira Chindit.

Da yawa daga cikin mutanen nan daga Arewa aka ɗebo su ta hannun sarakuna da hakimai, kuma Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta. Abin ya samo asali tun 1863, lokacin da Glover ya kafa 'yar rundunarsa ta Hausawa a Legas, wadda sojan Nijeriya ke ƙirga tarihinsa daga gare ta. Wato zamanmu a Kurmi da kakin soja tare suka taso. Akwai irin su Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a hannun Jamus a Kamaru, ya koma na Ingila, ya yi yaƙin duniya na farko da na biyu har Bama, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa.

Sunayen wuraren da suka mutu kuwa kullum muna wucewa ta gabansu. In na ɗauko kaya daga shago na bi ta Mokola, ga barikin Letmauk nan, kuma Letmauk wani wuri ne a Bama. 'Yan uwanmu na Legas suna da barikin Dodan a Obalende, da An da Myohaung a Yaba, da Arakan da Tamandu a Apapa. A Kaduna akwai Dalet da Kalapanzin, a Zariya akwai Chindit. Runduna ta 81 da ke Legas da ta 82 da ke Inugu lambobin can suka gada. Ka tsayar da ɗan acaba a ƙofar kowanne ka tambaye shi ma'anar sunan, sai ya ce maka wataƙila sunan wani Bature ne.

Su waɗannan ba wanda ya buɗe musu layin tarho, domin ba a yi fim ɗin da zai tayar musu da hankali ba. Ita kanta rundunar Birtaniya da ke Bama ana yi mata laƙabi da wadda aka manta, to ina ga baƙaƙen cikinta? A 2019 'yan jarida suka tono wata takardar gwamnatin Birtaniya ta 1945 game da kuɗin sallama a rundunoninta na Afirka: farabiti Bature sule goma a kan kowane wata da ya yi yana aiki, farabiti baƙar fata sule uku da sisi. Harsashi bai bambanta su ba, amma akawu ya bambanta. Waɗanda ba a ga gawarsu ba, sunayensu na cikin kusan 27,000 da aka zana a ginshiƙan maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda da wuya wani jikansu ya taɓa zuwa.

Wanda ya yi ƙoƙarin ba su murya, abin sha'awa, kishiyarmu ne ta wajen zama: Biyi Bandele, Bayarabe haifaffen Kafanchan, ɗan wani tsohon sojan Bama. A 2007 ya fitar da littafin Burma Boy, jarumin ciki kuma yaro ne mai jin Hausa, Ali Banana, da ya ƙara wa kansa shekaru domin a ɗauke shi soja. Bandele darakta ne, ya yi finafinai, amma ya rasu a Legas a 2022 ba a mai da wannan littafi fim ba.

In da za a ba ni zaɓin labarin da za a yi wa fim, na Isaac Fadoyebo zan ɗauka. Ɗan ƙauyen Emure-Ile ne kusa da Owo, ya shiga soja a 1942 yana ɗan shekara 16, aka sa shi aikin jinya a runduna ta 81. Ranar 2 ga Maris 1944 Japanawa suka yi musu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, aka kashe na kashewa, shi kuma harsashi ya farfasa masa ƙafa, aka bar shi a matsayin gawa. Ya haɗu da wani mai rauni ɗan Saliyo, David Kargbo. Ba tawagar mutum takwas da aka turo nemansu, ba janar ɗin da ya san da su. Wanda ya cece su wani talaka ne manomi Musulmi mai suna Shuyiman, wanda ya riƙa kai musu shinkafa a ɓoye, daga baya ya ɗauke su ya ɓoye a gidansa, alhali ya san in Japanawa suka gano, shi da iyalinsa sun gama yawo. Ba ƙabila ɗaya, ba addini ɗaya, ba kaki ɗaya, ko yaren juna ba su ji sosai. Wata tara suka yi a ɓoye kafin sojojin ƙawance su dawo yankin a Disamban 1944.

Fadoyebo ya dawo gida da ɗingishi, ya yi aikin gwamnati, ya rubuta labarinsa, aka buga a 1999, shekara guda bayan fitowar fim ɗin Spielberg, ba tare da wani ya kula ba. Sai a 2011 wani ɗan jaridar Aljazeera, Barnaby Phillips, ya same shi a Legas, ya karɓi wasiƙar godiya daga hannunsa, ya tafi har Bama neman gidan Shuyiman. Ya samu ƙauyen, ya samu 'ya'yansa da jikokinsa, shi dai mai gidan ya riga mu gidan gaskiya. Aka karanta musu wasiƙar suna kuka, domin su ma sun taso da labarin baƙaƙen sojoji biyu da aka ɓoye a gidansu. Fadoyebo ya rasu a Nuwamban 2012. Yankin da abin ya faru shi ne Arakan, wanda yanzu ake kira Rakhine, inda a 2017 sojojin Myanmar suka kori Musulmin Rohingya sama da 700,000 zuwa Bangaladash.